Ƙofar Fijo Ta Cije, Kowa Ya Zama Gwani

Fijo 504 ta isa ta yi gardama. Tun 1968 Faransa ta fito da ita, masana'antar Kakuri a Kaduna kuma ta fara harhaɗa Fijo a 1975, don haka in ƙofarta ta cije a tashar Unguwa Uku ko Kawo, shekaru ne suka ba ta izini. Masu taruwa a kanta su ne abin kallo.

Sarkin Ƙarfi ke fara isowa. A ganinsa ba a ƙera ƙarfen da ya gagari damtse ba. Zai naɗe hannun riga, ya ce "Ku matsa," ya finciki mariƙi. Ƙofa tana nan daram, mariƙi yana hannunsa. Sai ya jujjuya shi, ya ce, "Dama ya gama yawo," ya miƙa wa direba, ya tuna bai yi la'asar ba.

Bayansa sai Mai Ɗure, wanda duk ciwon ƙarfe a wurinsa ƙishirwa ce. Baƙin mai, man birki, kananzir, in duk babu a tura yaro wurin mai ƙosai. Zai yi ta ɗurawa a ramin makulli har ya tsiyayo ta gindin ƙofa. Abin haushin, wani lokaci sai ta buɗe, ya tafi da suna. Ba ya nan ranar da ƙurar hunturu za ta haɗu da man su zama caɓi, siraran ƙarafan da haƙoran makulli ke turawa su manne, makulli ya shiga ya ƙi juyawa, in an matsa masa ya karye a ciki. Garin bakin fensir a jikin makulli ya wadatar, amma wa zai jinjina wa mutum a kan fensir?

Can a benci akwai Baba tsohon direba, wanda ko taɓa ƙofar bai yi ba. "Yaro, ba a yi wa Fijo tsawa. Ɗaga ta kaɗan, ka danna da gwiwa, sannan ka ja." Sau da yawa gaskiyarsa ce: hinji sun sake, ƙofa ta sunkuya, bakin makullinta ya daina saduwa daidai da ƙugiyar jikin mota. Sai dai kafin wannan jumla ta fito, dole ka raka shi Maiduguri a zamanin Shagari, har da tsayawa cin tuwo a Potiskum.

A kujerar baya kuwa Alhaji ne ya jiƙe da gumi cikin babbar riga, ya rantse shi da fita ta taga sai dai gawarsa. Kusa da shi Hajiya ta riga ta gano bakin zaren: "Ni tun da na ga idon wannan kwandastan na san ba banza ba."

Yaron makaniki ba ya cikin shawarar, don ba a tambaye shi ba. Ya shiga ta taga da sukudireba, ya ce, "Alhaji, a ɗan gyara ƙafa," ya cire hannun ɗaga gilas, ya ɓanɓaro marfin cikin ƙofar, ya zura hannu har gwiwa. Ashe 'yar robar da ke riƙe sandar ƙarfen da ta haɗa mariƙi da makulli ce ta tsufa ta fashe, sandar ta zame. Ya ja ta da yatsa, ƙofa ta yi ƙas. Mai Ɗure ya ce ai mansa ne ya ratsa.

Yaro ya ɗaure sandar da waya, ya ce, "Oga, wannan na wucin gadi ne, a nemo robar a Ƙofar Ruwa ko Panteka." Nan fa ka ga gwanin gwanaye, wato direban kansa. Ya ce, "Gobe in Allah ya kai mu," alhali ya san ba zai saya ba. Ƙofar da ba ta buɗuwa sai ta waje ba ta taɓa barin fasinja ya sauka bai cika kuɗin mota ba. Hannun gilas ɗin ma bai bari an mayar ba, ya jefa shi aljihu, mai jin zafi ya roƙa.