Tawadar da Ba Ta Jin Magana

Tun ranar da ɗan ƙanwata ya dawo daga Samaru da wasu 'yan kwalabe shida a aljihun jakarsa, zauren gidanmu da ke ta wajen Ƙofar Kuyambana bai sake samun sukuni ba. Tawada ce, in ji shi, amma da sifirit aka narka launinta maimakon ruwa, irin sifirit ɗin da ake goga wa mutum kafin a soka masa allura. Ba rubutu ake yi da ita ba. Ɗiga ta ake yi a kan abin da ba ya shan ruwa, tayil ko gilashi ko wata takardar roba mai santsi da ake kira Yupo, sai ɗigon ya buɗe kamar furen kabewa, ya ture na kusa da shi, ya bar duhu-duhu a bakin iyaka. Kafin ka gyara zama ta bushe, balle da hunturu. Ka sake ɗiga mata sifirit zalla, ta farka ta ci gaba da yawo.

Mu kuwa a birnin nan tawada mai ladabi muka sani. Gawayi ne da ƙaro, a zuba a kurtu, alƙalamin kara ya ce mata tsaya nan ta tsaya, wasali ja a bisa baƙi ba ya gusawa ko da ƙwayar gero. Ga wadda ba ta karɓar umarni ta shigo gari, sai ta fara tona halin mutane ɗaya bayan ɗaya.

Wanda ya fara zuwa shi ne Baba mai zayyana, wanda rabin allunan saukar unguwar nan hannunsa ne. Bazazzage ne na gidi, tawada ma namiji ce a bakinsa. Ya ɗaga kwalba ya haska ta a rana, ya sunsuna, ya kawar da kai.

"Kai yaro, wannan tawadan ana shan shi?"

"A'a Baba, guba ce."

"Ana wanke shi da ruwa?"

"Ruwa ba ya fidda ta."

"To fenti ne. Ku daina ɓata wa tawada suna."

Ban ga laifinsa ba. Mutumin da ya shekara hamsin yana rubuta allo a wanke a ba mara lafiya, ta ina zai yarda da abin da ba ya wankuwa ba ya shawuwa? Sai dai koriyar ta tsaya masa a rai. Bayan isha ya aiko jikansa a ɗan sam masa a murfin kwalba, wai zai nuna wa wani. Ya kai ta kan takardar zayyana, takarda ta zuƙe, kore ya tsallake layin da ya yini yana ja, ya ɓullo ta baya. Washegari ya ce takardun yanzu ne ba su da albarka.

Sai Ustazu. Shi kalma ɗaya ya karanto a jikin kwalbar, kuma ta ishe shi. Ba ya shiga zauren, a bakin ƙofa yake tsayawa ya tattare ƙafar wando, kamar ana kwarara giya a ƙasa. An yi masa bayani cewa sifirit ɗin ba irin wanda ake sha ba ne, danginsa ne ya yi ta murzawa a hannu a 2020 lokacin korona, kuma turaren fesawar da ya sa muka ji zuwansa tun daga lungu ma ba a rasa shi a ciki ba. Ya ce zai duba littafi. Yau wata biyu ke nan yana dubawa, kullum kuma bayan la'asar yana bakin ƙofa yana leƙen wane launi aka ɗiga.

Ɗan Samaru shi ne babban sha'ani. Wannan yaro bai taɓa yin kuskure ba tun da ya shiga sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello. In kwalba ta kife, salo ne. In ƙuda ya faɗa ciki ya mutu, saƙo ne ga al'umma. Ka ce masa, "Ɗana, wannan ai ɓarna ce," sai ya gyara tsayuwa ya ɗauko maka tarihi tun daga 1958, shekarar da Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya da abokansu suka kafa ƙungiyar zane a kwalejin da ta zama jami'ar a 1962, suka ce ba za su yi ta kwaikwayon Turawa ido rufe ba, sai sun gauraya da na gida. Daga nan ya gangaro kan Onobrakpeya, wanda a 1967 asid ya cinye masa farantin ƙarfen da yake sassaƙa zane a kai, ya cike ramukan da gam ɗin Araldite, daga wannan gyaran ya samo sabuwar dabarar buga zane da ta yi masa suna. Ya rufe da Gani Odutokun, malamin zane a nan Samaru da ya rasu a 1995, wanda yake tsinka fenti ya kwarara shi a kan ƙyalle ya bi shi inda ya nufa. Duk gaskiya ne. Abin da yaron yake tsallakewa shi ne waɗancan sun iya zana doki ya fito doki kafin su fara zubar da fenti. Shi nasa dokin har yau akuya ce mai ciwon baya. Ga shi da raɗa wa aiki suna: wani tabo mai ruwan goro da na rantse shayinsa ne ya zube, ya sa masa "Kukan Ganuwa Kashi na Uku". Na farko da na biyu babu wanda ya taɓa ganinsu.

Akwai Injiniya, wanda ba ya sayen abin da zai iya haɗawa. Da ya ji kuɗin kwalba ɗaya ya yi salati, ya nufi kasuwar Sabon Gari ya kwaso alƙaluman maka masu arha, ya fasa su ya zaro audugar ciki ya jiƙa a sifirit ɗin kemis. Abin haushin, ta yi. Wannan nasara ce ta lalata shi. Yanzu babu abin da ya tsira: zoɓo, gangamau, karan dafin dukawa, shuɗin wanki, har jan bakin matarsa. Tayil ɗin da ya rage na ginin maƙwabci duk ya kwashe. Ranar da ya matso da aikinsa kusa da kaskon wuta don ya bushe da wuri, Allah ne ya tsare, gira ɗaya kawai ta tafi.

Mai hurawa ba shi da dogon labari. Ya ga ana kora tawadar da na'urar busar da gashi, ya jira wuta kwana biyu ba a kawo ba, ya cire ruwan biro ya kafa baki. Minti kaɗan sai ga shi jingine da bango yana tambaya ko ƙasa ce take juyawa. Ustazu ya ce, "Ai na faɗa."

Hajiya mai kayan biki ita ko zane bai dame ta ba. Kallo ɗaya ta yi ta ce, "Ɗan nan, guda ɗari biyu nawa?" Katin gayyata take so, da kofuna da faranti na rabo, duka ruwan hoda da ratsin zinariya, duka iri ɗaya sak. Aka ce mata, Hajiya, wannan tawadar ba ta maimaita kanta ko sau biyu. Ta ce ita ma ankon haka masu ɗinki suka ce, kuma sun yi. An gaya mata launin yana koɗewa in rana ta daɗe tana dukansa, kuma ba a cin abinci a kai. Ta ce wa ya taɓa cin abinci a farantin rabo?

'Yan kallo kuma kowa da abin da yake gani. Tela ya ga zanen dagi, mai shayi ya ga taswirar Najeriya an gutsure mata Barno, wata tsohuwa ta ja jikarta ta ce a rufe, akwai ido a ciki. Wani dattijo ya ce ai wannan tun zamanin Babban Gwani magina suke yi a bango, sai dai su suna sane da abin da suke yi.

Ni da nake zaune a gefe ina dariyar kowa, ranar wata Juma'a na ce bari in ɗiga ɗaya kawai, shuɗi, kafin in wuce masallaci. Farar shadda ce a jikina, sabuwa. Na matsa kwalbar, bakin ya toshe. Na ƙara matsawa.

Ɗan Samaru ya zagaye ni sau biyu, ya ja da baya ya kanne ido ɗaya.

"Kawu, kar ka wanke. Don Allah ara mini rigar nan, muna da baje koli ran Litinin."