Mai Hoto Ya Iso

Alhamis ina kasuwar Maigatari, Juma'a Wudil, kyamara a wuya, labule mai zanen jirgin sama a naɗe bayan babur. Wai ɗaukar hoton yara nake yi, amma rabin aikin lallashi ne. Yaron da ya wuni yana tsokanar tunkiyar maƙwabta, da ya ga kyamara sai ya ƙame kamar an gurfanar da shi gaban alƙali. Uwa ta rambaɗa masa kwalli, kaka ta tsaya bayana tana, "Yi dariya mana, maigidana!" Nan take ya ɓarke da kuka.

Hoto ya fito, uban ya duba, ya sake dubawa, ya ce, "Malam, kan ɗana bai kai haka girma ba. A rage mana kuɗin."