Madalla da 'yancin sauya layi

Jama'ar Kwadaso, mu taru mu yi wa mahukuntan sadarwa godiya, sun gama mana komai. Tun watan Yulin 2011 hukumar sadarwa ta NCA ta ba ɗan Ghana damar ya kwashe lambarsa daga kamfanin da ya ɓata masa rai ya kai ta wani. A 2012 kamfanoni shida ne ke zawarcinmu: MTN, Vodafone, Tigo, Airtel, Expresso da Glo. Don kada yawan zaɓi ya ruɗa talaka, sai aka rage masa wahala. Expresso ya bi ruwa. Airtel da Tigo suka haɗe a 2017, gwamnati ta saye su a kan dala ɗaya tak, aka raɗa musu suna AT a 2023. Glo ya miƙa mutanensa ga AirtelTigo a 2022. Vodafone ya wayi gari Telecel. Zuwa 2024 uku suka rage. Sannunku da aiki!

Wanda yake son ganin albarkar wannan 'yanci da idonsa ya shiga kasuwar albasa ta Kwadaso a Kumasi da hantsi. Akwai wani dattijo mai sarin albasar Galmi da nake zama kusa da shi. Layi uku gare shi, wayarsa kuwa biyu take ɗauka, don haka na ukun yana naɗe cikin takarda a aljihun 'yar shara. Na biyun samari ne suka sayar masa a ƙarƙashin lema wajen Sofoline, lasifika na ta shelar garaɓasa. Kuma ba su yi ƙarya ba, Allah ya saka musu: garaɓasar ta shigo. Sai dai ba a cin ta sai tsakar dare, ta ƙare kafin mako ya zagayo, kuma ba ta kiran ƙasar waje. Shi ko direbansa yana can Burkina da buhunan da ke neman ruɓewa a kan mota. Na ga dattijon nan yana ɓalle bayan waya da farce, hannu na rawa, ƙaramin katin ya suɓuce ya faɗa cikin ɓawon albasa, yara uku suka durƙusa nemansa. Da aka samu aka sa, sai ya fita bakin titi yana ɗaga waya sama. Wane gata ya wuce wannan?

Don kada kuma a ce sauya layi abu ne mai arha, daga Oktoban 2021 aka ce kowane layi sai an yi masa rajista da katin ɗan ƙasa, wato Ghana Card. Mai layi uku ya bi layi sau uku cikin rana. Ɗan zango da aka haife shi a Kumasi ya sha tambayar ina kakansa ya fito, baƙo kuwa ya nemo dala 120 ta katin baƙi.

To, bayan duk wannan, ina aka je? Mai sayen albasa zai tambaye ka, "Alhaji, kana da Momo?" wato asusun kuɗi na waya, kuma kowa ya san layin da yake nufi. Tun 2018 ana iya tura kuɗi daga wannan kamfani zuwa wancan, amma ciniki ya riga ya saba da hanya ɗaya. NCA da kanta ta ayyana a Yunin 2020 cewa MTN ya mamaye kasuwa. Wato talaka yana da cikakken 'yancin ya bar babban gida, ya je ya kwana biyu a ƙanana, ya dawo da ƙafarsa saboda kuɗinsa da abokan cinikinsa suna can.

Abin nan yana ci mini rai, domin 'yan sidin da dattijon yake farauta a garaɓasa kuɗin kokon jikokinsa ne. NCA, ku tilasta wa kamfanoni su faɗi sharuɗɗan garaɓasa da Hausa da Twi a wurin da ake sayar da layin, kafin mutum ya miƙa katinsa.