Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hajiya Fitilar Sola

Ranki ya daɗe,

Ina fata batirinki lafiya, kuma ƙurar hunturu ba ta toshe miki faranti ba. Ni maƙwabcinki ne a nan Kwanyawa, ƙasar Karaye. Gidanmu ne wanda kike leƙawa ta saman katanga tun daga magariba. Na so in zo mu yi magana baki da baki, sai na tuna tsawonki ya fi ƙarfin muryata, kuma tun da aka kafa ki ba ki taɓa sunkuyowa kin dubi kowa ba. Shi ya sa na rubuto.

Kada ki ɗauka ni maƙiyinki ne. Mai shayi ya daina neman canji da tocila a baki. Almajirai sun huta da roƙon kara don hura wutar karatu. Kunama ta rage mana mugunta, mai zuwa masallaci kuma yana ganin inda zai ajiye ƙafa. Duk wanda ya ce ba ki yi komai ba, bai taɓa taka maciji da daddare ba. Allah ya saka wa wanda ya kawo ki, ko da yake hotonsa da ya manna a jikinki ya fi ki faɗi.

Ƙorafina a kan wuyanki ne. Wanda ya ɗaura ki ya ɗaga miki kai sama, wai don farantin bayanki ya sha rana da kyau. To, farantin ya sha rana, mu kuma muna shan haske. Wani ya sauka a hanya, inda ake buƙatarsa. Wani ya tafi kan darbejiya, tsuntsaye na ta mutsu-mutsu sun rasa ko gari ya waye. Wani ya tsallaka katanga ya faɗo tsakar gida, inda mata da yara ke shimfiɗa tabarma idan zafin bazara ya kore su daga ɗaki. Yanzu sai an rufe fuska da zane kafin barci ya zo, a cikin wannan zafin. Zakaranmu ya rikice, ƙarfe biyun dare yake cara. Saura kuwa, mai yawa, ya miƙe sama inda babu mai tafiya, babu ɓarawo, babu kunama. Hajiya, wa kike haska wa a can? An ce dare mahutar bawa, ke kuma kin mai da shi ranar kasuwa.

Bari in gaya miki abin da kika samu a saman garin nan, tunda ke baƙuwa ce. Ƙasar Karaye da Rogo tana wajen digiri 12 arewa da layin Ikwaita, kuma wannan matsayi gata ne. Idan ka fuskanci arewa ka miƙe hannu, tauraron nan da ba ya gusawa yana sama da doron ƙasa da kimanin dunƙulen hannu guda. Idan ka juya kudu da daren Afrilu ko Mayu, ga taurarin nan da Ostireliya ta zana a tutarta, waɗanda mutumin Landan ba zai taɓa gani daga ƙofar gidansa ba, ko da zai shekara yana ɗaga kai. Mu muna ganin na arewa, muna ganin na kudu. A daren da babu wata, bayan ruwan Agusta ya wanke ƙura, lafiyayyen ido kan ga taurari sama da 2,000 a lokaci guda, da farin zanen nan da ya ratsa sama daga wannan gefe zuwa wancan, wanda malamai ke kira Majarra. Har yanzu wanda ya taka zuwa bakin madatsar ruwan Challawa, nesa da gari, zai gani. A gindinki kuwa, sai Zara matar wata da wasu 'yan tsiraru masu taurin kai.

Abin ba na sha'awa ba ne kawai. Kafin kalanda ta zo bango, kafin waya ta zo aljihu, sama ce kalandarmu. Malamai sun raba shekara manzili 28, kowane kwana 13, ban da Jabha mai kwana 14. Lissafa ki gani, 365 ne cif. Manomi na jin an ce Zira'a ta shiga, ko Nasara, ko Ɗarfa, ya san inda damina ta kai da abin da ya rage masa na shuka ko noma. Kaza da 'ya'yanta, wato Surayya, takan yi ta yawo a saman kanmu da daren hunturu, ta ɓace a ƙarshen bazara, sannan ta sake ɓullowa ta gabas kafin asuba, damina na kankama. Tsoffi ba a littafi suka koyi wannan ba. A tsakar gida suka koya, kwance a tabarma, kaka na nunawa da yatsa tana cewa a ƙirga 'ya'yan kazar, mai ido ya ce shida, mai cika baki ya ce bakwai. Yau a tambayi yaron unguwarmu ina kaza da 'ya'yanta, akurki zai nufa.

Na san za ki ce ba ke kaɗai ba ce, wayar hannu ma ta sunkuyar da kan kowa. Gaskiya ne. Ita ma wasiƙarta na nan tafe.

Ba mu muka fara wannan kuka ba. A 2016 wasu masana, ƙarƙashin jagorancin Fabio Falchi na Italiya, suka fitar da taswirar hasken dare ta duniya. Suka ce sama da kashi 80 cikin 100 na mutanen duniya suna ƙarƙashin sararin da fitilu suka gurɓata, kuma kashi ɗaya cikin uku ba sa ganin Majarra sam. Ƙasashen da sararinsu ya fi tsabta su ne Chadi da Afirka ta Tsakiya da Madagaska. A 2023 wani binciken da Christopher Kyba ya jagoranta a Jamus ya nuna hasken sararin dare na ƙaruwa da kusan kashi 10 cikin 100 kowace shekara. Yaron da aka haifa inda ake ganin taurari 250, kafin ya kai shekara 18 sun koma 100. A Namibiya akwai gandun NamibRand, wanda a 2012 ya zama na farko a Afirka da aka ayyana a matsayin wurin adana duhu. Duhu fa, Hajiya! Mutane na hawa jirgi, su biya kuɗin ɗaki, don su kwana suna kallon abin da muke samu kyauta muna korar sauro.

Sai dai a nan zan tsaya, kada a ce na yi wa talauci kirari. Masu hawa jirgin nan sun zaɓi duhunsu ne bayan sun ƙoshi da haske. Namu ba zaɓi ba ne. Bankin Duniya ya ce sama da mutum miliyan 80 a Najeriya ba su da lantarki. Duk mai zuwa ya ce mu ci gaba da zama a duhu don ya samu hoto mai kyau, ya fara kashe fitilar gidansa ya haifi ɗa da tocila tukuna. Muna son haske. Abin da ba ma so shi ne mu maimaita kuskuren da wasu suka yi, alhali suna can suna kashe kuɗi wajen gyara shi. Garin Flagstaff na Amurka ya kafa dokar taƙaita hasken dare tun 1958. Faransa ta sa doka a 2013 cewa shaguna su kashe fitilun tagoginsu daga ƙarfe ɗayan dare. Ba a ji sun koma zamanin aci-bal-bal ba.

Don haka roƙona ƙarami ne, kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ki sunkuyar da kai ki dubi ƙasa, nan ne jama'a suke. A sa miki 'yar malafa ta gwangwani, yadda haske ba zai tsere sama ko ya haura katangar mutane ba. Kowane maƙeri a kasuwar Karaye zai iya. Idan za a kawo ƙannenki, a zaɓo masu haske ruwan ƙwai. Wannan farin naki mai sirkin shuɗi ya fi watsuwa a iska, ya fi dallare ido, ya fi janyo ƙwari, ko da yake yara na gode miki lokacin shinge.

Sannan ki rage ƙarfi bayan sha biyun dare. Wannan ma don amfaninki ne. Da damina, ranar da hadari ya hana ki cin abinci, kina ƙarar da batirinki kan titin da babu kowa sai karnuka, ki mutu ƙarfe uku, daidai lokacin da ladan ke shirin fitowa, masu sallar asuba su koma lalube. Da kin yi tsimi, da kin kai su masallaci kin dawo da su.

Idan wuyan naki ya sage ba zai sunkuyu da kansa ba, ki isar da saƙon ga mai hoton jikinki. Ba kwangila muke nema ba, ba bikin ƙaddamarwa ba. Aikin tsani ne da sifana, tsanin ma muna da shi.

Wassalam.

Naki,
Maƙwabcinki na bayan katanga,
Kwanyawa.