Gidan Haya a Cikin Kwamfuta

Mai shagon kwamfuta a Rano ko Kibiya, in kuɗinsa bai kai na sayen injina biyar ba, masana sun nemo masa dabara: ya sayi ɗaya mai ƙarfi, ya yanka cikinsa ɗaki-ɗaki kamar gidan haya. Wannan ɗaki Windows, wancan Linux, kowa na ganin shi kaɗai ne a gidan. Manhajar da ke rabon ɗakunan ita ce wakilin mai gida, kuma wakilan suna da yawa: KVM, Xen, VirtualBox, VMware, Hyper-V. Kowanne da yarensa da girman kansa. Umarnin da wannan ya ji, wancan sai ya yi kunnen uwar shegu.

Shi ya sa kamfanin Red Hat ya fito da manhajar libvirt a 2005. Kyauta ce, kuma kowa na iya buɗe cikinta ya gyara. Ta hanyar shirin ba da umarninta mai suna virsh sai ka ce "tashi" ko "kwanta", ita kuma ta isar wa kowane wakili da yarensa. Darajarta ta ƙara fitowa bayan kamfanin Broadcom ya sayi VMware a 2023, ya daina sayar da lasisin dindindin, ya ce sai dai a riƙa sabunta biya. Ashe wakili ma yana ƙara kuɗin haya!

Sai dai har yau ba a rubuta umarnin da zai kawo wuta ba. Ana ɗaukewa, duk 'yan hayar tare suke suma. Don haka malam, kafin ka sauke libvirt, fara tambayar kuɗin litar fetur.