Murmushin Istanbul

Da can, in Alhaji ya dawo daga Makka, haƙorin zinare guda ɗaya ya ishe shi shaida. Yanzu abokina ya je Istanbul ya dawo da baki fari fat, kamar an jera farantan tangaram a kabad ɗin amarya. Ba sababbin haƙora ba ne fa. Ɓawon tangaram ne siriri, kaurinsa wajen rabin milimita, a kankare fuskar haƙorin asali sannan a manna shi. Abin da aka kankare kuwa ya tafi ke nan, ba ya sake tsirowa.

Likita ya ce in ya lallaɓa su za su kai shekara 10 zuwa 15. To, lallaɓawar ce aikin. Rake sai an yanyanka masa ƙanana kamar ɗan yaye. Aya an yi ban kwana. Ƙashin kaza, da yake tauna har ya tsotse ɓargo, yanzu da ido yake bin sa. Buɗe kwalbar lemo da haƙori kuwa ko a mafarki. Goge baki da gawayi ma an hana, wai yana cinye ƙyallin; sai buroshi mai laushi da zaren sakace. Da dare ya cusa wata roba a baki saboda cizon haƙora, ya kwanta kamar mai shirin shiga filin dambe.

Jiya na miƙa masa goro. Ya daɗe yana jujjuya shi a hannu, sannan ya yi ƙasa da murya: "Malam, ko akwai magogi?"

Sai da muka aika wurin kakata aka aro.