Wasiƙa daga Bronx zuwa ga mai POS na Ɗanbatta

Zuwa ga taubashina, bawan gidanmu,

 

Albishirinka, na gano maka dangi a Amurka! Ka san zaman da kake yi ƙarƙashin lema ranar kasuwa, mutum ya ciri dubu biyar ka zare naka kana murmushi? To, masu kantunan unguwarmu a Bronx 'yan gidanku ne, sai dai su an sa musu linzami.

Za ka ɗauki burodi da madara, ka miƙa katin bashi, mai kanti ya nuna maka 'yar takardar da ya manna a jikin na'ura: sai sayayya ta kai dala 10. Dole ka ƙara ayaba ko sabulu. Ba na ganin laifinsa sosai, domin ana yankar wani abu a duk cinikin da ya yi da kati. Dokar ƙasa ta 2010 ce ta ba shi wannan dama, amma a kan dala 10 ta tsaya. Ƙarin caji a kan katin bashi kuwa sai a 2013 aka buɗe ƙofarsa, kuma tun 2023 Visa ta hana a wuce kashi 3 cikin ɗari. Katin da ke cire kuɗi kai tsaye daga asusu, irin wanda ake miƙo maka kullum, ba a ɗora masa ko sisi. A jiharmu ta New York, tun Fabrairun 2024, wajibi ne mai kanti ya rubuta cikakken farashin kati inda kowa zai gani kafin ya biya. Ingila ma tun 2018 ta haramta cajin. Da can kake, da tuni ka koma noman gyaɗa!

Ban manta da lokacin canjin kuɗi na 2023 ba, da aka ce har tumbi ka ajiye. Ka ci halalinka, amma don Allah ka samo allo ka rubuta cajinka ɓaro-ɓaro, ka kuma karanta wa dattijon da ya sayar da akuyarsa kafin ya miƙa kati.

Kuɗin shararka na bana suna tafe ta asusun Gwaggo. Idan ta zo cira, kada ka yanki ko kwabo.

Ubangidanka na Bronx.